Anzim da maganin da muke sha: amsoshin tambayoyin da ake yi mini a bakin kanta

Na haura shekara goma ina tsaye a bayan kantar farmasi a Garwa. Tambayoyin nan daga bakin masu zuwa sayen magani na tattaro su, da ɗalibai masu zuwa koyon aiki, da 'yan uwa masu kira daga Marwa da Kusseri da Njamena. Abin da ya sa na haɗa su wuri guda shi ne na lura kusan dukkan amsoshin suna komawa ga abu ɗaya, wato anzim. Wanda ya gane shi, ba sai an yi ta yi masa nacin "kada ka haɗa wannan da wancan" ko "kada ka bar shi a rana" ba, da kansa zai ga dalili.

Malam, wai mene ne anzim ɗin nan? Sunan wani magani ne?

A'a Hajiya. Waɗanda suka yi makarantar Faransanci suna cewa anzim, na ɓangaren Ingilishi su ce enzayim, duk abu ɗaya ne. Wani irin furotin ne da kowane mai rai yake ƙerawa a jikinsa, aikinsa shi ne ya gaggauta juyawar wani abu zuwa wani, shi kuma ya fito yadda ya shiga. Ki ɗauke shi kamar dillali a kara: ya haɗa mai saniya da mai kuɗi, ciniki ya faɗa, shi bai zama saniya ba bai zama kuɗi ba, ya juya ya kama cinikin gaba.

Kin ma riga kin san shi a madafa. Idan kika jiƙa dawa ta yi tsiro, kika shanya kika niƙa, kika barbaɗa cokali ɗaya a kunu mai kauri, cikin 'yan mintuna sai ki ga ya tsinke ya ɗan yi zaƙi. Anzim ɗin tsiro ne, mai suna amilaz, ya daddatsa gasarar ta koma sukari. Irinsa yana cikin yawunki, shi ya sa biredi yake zaƙi idan an daɗe ana tauna shi. Mai naɗe nama mai tauri a ganyen gwanda shi ma anzim ya sa aiki, sunansa fafayin.

Na farko da masana suka ware ma daga tsiro ya fito. A 1833 wasu Faransawa biyu, Anselme Payen da Jean-François Persoz, suka cire shi daga tsiron sha'ir. Amma abin da ya buɗe ƙofar masana'anta ya faru ne a 1897, lokacin da Bajamushe Eduard Buchner ya murƙushe yis har ba sauran mai rai a ciki, ya tace ruwan, ya ga ruwan nan yana ci gaba da sarrafa sukari. Ashe ana iya raba ma'aikacin da uwargijiyarsa a kai shi wani wuri ya ci gaba da aiki.

To ina ruwan mai ƙera magani da shi?

Ruwa da tsaki kuwa. A 1894 Emil Fischer ya kwatanta anzim da kwaɗo da mabuɗinsa. Kowane anzim yana da wani lungu a jikinsa, abin da ya dace da lungun kaɗai yake kamawa. Amilaz ba ya taɓa nama, fafayin ba ya taɓa gasara. Daga nan dabarar ta fito: idan cuta ta dogara da wani anzim, sai a ƙera abin da zai shiga lungun ya maƙale, kamar karyayyen mabuɗi a bakin kwaɗo, aikin ya tsaya cak. Kaso mai yawa na abin da ke jere a bayana haka yake aiki.

Asfirin ya haura shekara saba'in a kasuwa kafin John Vane ya gano a 1971 cewa anzim ɗin da ke haɗa sinadaran ciwo da kumburi yake toshewa. Sai dai anzim ɗin nan yana kuma taimaka wa tumbi ya kare kansa daga tsamin da ke cikinsa. Shi ya sa asfirin da ibufurofen da diklofenak suke cin ciki, shi ya sa kuma nake tambayar mutum ko yana da gyambon ciki kafin in miƙa masa.

Maganin da ake bi gida-gida ana ba yara da damina a jihohin Arewa da Arewa Mai Nisa tun 2016, akwai sulfadoksin da firimetamin a ciki. Kowannensu yana toshe anzim ɗaya daga cikin waɗanda ƙwayar zazzaɓin sauro take haɗa sinadarin hayayyafarta da su, an tare ta a mashiga biyu ke nan. Ƙwayar sida da ake sha sau ɗaya a rana ita ma magani uku ne a dunƙule. Biyu suna hana ƙwayar cutar kwafe rubutun gadonta, na ukun, dolutegrabir, yana toshe anzim ɗin da take ɗinke rubutun da shi a cikin namu. Mai tsallake kwana yana ba ta damar hayayyafa ne ta sauya bakin kwaɗonta, ranar da ya dawo mabuɗin ya ƙi shiga.

An ce maganin hawan jinin da nake sha daga maciji aka samo shi. Dafi nake haɗiya ke nan?

Kwantar da hankalinka Baba, babu ko ɗigon dafi a ciki. Labarin dai gaskiya ne. A Burazil akwai maciji mai suna jararaka, wanda sararsa take sa jinin mutum ya faɗi warwas. A shekarun 1960 Sérgio Ferreira ya gano cewa wani abu a dafin yana toshe anzim ɗin da ke sa jijiyoyin jini su tsuke. Masana a kamfanin Squibb na Amurka suka kwaikwayi siffar abin, suka ƙera ƙaramin sinadari da za a iya haɗiya, aka amince da shi a 1981 da sunan kaftofiril. Darasi aka ɗauka daga macijin, ba dafin ba.

Mu ma muna da namu a kwarin Binuwai, wajen Poli da Cholire, wato kububuwa. Dafinta cike yake da anzim masu cinye abin da ke sa jini ya daskare, sai ka ga dasashi yana zub da jini, tsohon miki ya fashe. Shi ya sa a asibiti ake zuba jinin wanda ta sara a busasshiyar kwalbar gilas a jira minti 20. Idan bai daskare ba, dafin yana aiki, allurar kashe dafi ce maganinsa. Tsaga wurin da reza kuwa buɗe wa jinin da ba zai tsaya ba ƙofa ne.

Na ji an ce anzim ne yake ƙera amoksisilin. Yaya abin yake a masana'anta?

Wannan tambayar ɗalibai ce, kuma ita ce na fi jin daɗin amsawa, ƙanena. Fara daga fenisilin, wanda Alexander Fleming ya gano a 1928. Har gobe funfuna ce take yin sa. Ana kiwonta a manyan tankunan ƙarfe, ana ba ta sukari da iska, tana fitar da fenisilin cikin ruwan. Matsalarsa ita ce tsamin ciki yana lalata shi, kuma akwai ƙwayoyin cuta da yawa da bai kai gare su ba.

Ka ɗauki fenisilin kamar fartanya, akwai ruwan ƙarfe akwai ƙota. A ƙarshen shekarun 1950 masana a kamfanin Beecham na Ingila suka ware ainihin ruwan ƙarfen, wanda ake kira 6-APA, suka ga cewa idan aka sa masa wata ƙota daban sai a sami sabon magani. Ta haka amfisilin ya fito, sannan amoksisilin a 1972.

Wahalar tana wajen cire tsohuwar ƙotar ba tare da an fasa ƙarfen ba, domin zuciyar fenisilin wani ɗan zobe ne mai saurin karyewa. Hanyar sinadarai tana buƙatar sanyi mai tsanani, wajen digiri 40 ƙasa da sifiri, da sinadarai masu guba waɗanda bayan an gama sai an nemi inda za a kai dattinsu. Anzim mai suna fenisilin asilaz, wanda aka samo daga bakteriya, yana yin wannan yankan cikin ruwa zalla, a ɗumi irin na jikin mutum, kuma daidai gaɓar yake yanka. Sai aka ƙara wata dabara: a liƙe anzim ɗin a jikin wasu ƙananan duwatsu kamar tsakiya, a zuba fenisilin, idan ya gama a tace ruwan a bar duwatsun, a sake zuba wani. Zubi ɗaya na anzim yana iya yin aiki sau ɗaruruwa. Yau har ɗaura sabuwar ƙotar ma wasu masana'antu da wannan anzim ɗin suke yi. Yana cikin dalilan da suka sa amoksisilin ya zama maganin da talaka yake iya saya wa ɗansa mai ciwon huhu.

To me ya sa yanzu nake shan amoksisilin ba ya yi mini aiki kamar da?

Ko dai cutar ba tasa ba ce, domin mura ba ta jin sa ko kaɗan, ko maganin jabu ne, ko kuwa ƙwayar cutar ta yi nata makamin. Fenisilin yana kashe bakteriya ne ta hanyar toshe anzim ɗin da take gina katangar jikinta da shi. Wasu bakteriya kuma suna da nasu anzim, beta-laktamaz, mai fasa zoben nan kafin ya iso. Tun 1940 Edward Abraham da Ernst Chain suka bayyana shi, kafin ma fenisilin ya wadata a asibitoci. Martanin masana shi ne asid kilabulanik, wanda yake shiga bakin beta-laktamaz ya maƙale, amoksisilin ya wuce. Haɗin nan ya fito a 1981, shi ne Augmentin da 'yan uwansa.

Abin da yake ci mini rai shi ne kafso bibbiyu da ake saya a tire a tasha. Sun kashe raunanan ƙwayoyin, sun bar masu makami su mallake wurin, su kuma bakteriya suna miƙa wa juna wannan makamin. Haka ake yi wa kaji da shanu. Na taɓa ganin yarinyar da aka yi mata gwajin ciwon fitsari, takardar ta dawo kusan duk maganin da iyayenta za su iya saya ba ya kama ƙwayar. Har yau ina tuna fuskar uban.

Idan babu anzim ɗin da ya iya aikin da ake so fa?

Sai a yi kiwonsa, kamar yadda makiyayi yake zaɓen bijimi. Frances Arnold ta Amurka ce ta buɗe wannan hanya a shekarun 1990, ta kuma sami kyautar Nobel a 2018. Ana ɗaukar rubutun gadon anzim ɗin a yi masa sauye-sauye barkatai, a sa bakteriya su ƙera dubban iri, a gwada su duka, a ɗauki wanda ya ɗara, a sake maimaitawa a kansa.

Ga misali. Sinadarai da yawa suna zuwa iri biyu kamar hannun dama da na hagu, komai nasu ɗaya amma ba sa shiga safa ɗaya. Jiki kuwa ɗaya daga cikinsu yake so. Maganin ciwon sukari sitagiliftin yana cikinsu, kuma da farko ana ƙera shi ne da wani ƙarfe mai tsada ƙwarai, rodiyom, a ƙarƙashin matsin iska mai ƙarfi, sannan a sha wahalar wanke ƙarfen daga maganin. Kamfanonin Merck da Codexis suka ɗauko wani anzim wanda da farko ko kallon sinadarin ba ya yi, suka yi masa zagaye 11 na zaɓe, aka sauya wurare 27 a jikinsa. Sakamakon da suka wallafa a 2010 ya nuna abin da ake samu ya ƙaru da kashi 10 zuwa 13 cikin ɗari, datti ya ragu da kashi 19, an kuma rabu da ƙarfen.

Insulin anzim ne?

A'a, furotin ne amma saƙo yake kaiwa, ba dillanci ba. Sai dai da anzim ake samar da shi. Akwai masu yanka DNA, wato rubutun gadon halitta, a daidai inda ake so kamar almakashi, akwai masu ɗinkewa. Da su aka dasa rubutun insulin na ɗan Adam a cikin bakteriya, aka fara sayar da shi a 1982. Kafin nan daga shanu da aladu ake tatso shi.

Ni tambayata ta addini ce. An ce ana ciro wasu anzim daga alade. Ina gaskiyar maganar?

Allah ya gafarta Malam, akwai gaskiya a ciki, kuma ba zan ɓoye ba, domin ɓoyewa ce take haifar da jita-jitar da ke sa a ƙi rigakafi. Maganin da ake kira fankiriyatin, wanda ake ba mutumin da gaɓarsa mai fitar da ruwan narkar da abinci ta gaza, daga alade ake samun sa. Irin wannan maras lafiya yana ci yana ramewa, mai yana fita a bayan gidansa, kuma wannan maganin ne yake riƙe shi. Akwai kuma tirifsin, wanda ake amfani da shi wajen ɓamɓaro ƙwayoyin halitta daga jikin kwalba yayin haɗa wasu alluran rigakafi. Shi kayan aiki ne, ana wanke shi a matakan gaba, kuma yanzu akwai wanda ake samarwa daga ƙananan halittu ba tare da dabba ba.

Mafi yawan anzim ɗin da masana'antu ke aiki da su yau daga bakteriya da yis da funfuna suke. Wanda yake ƙera amoksisilin da na sitagiliftin babu ruwansu da kowace dabba.

Hukunci kuwa naku ne malamai, ni abin da ke cikin kwali na sani. Na dai san aya ta 173 a Suratul Baƙara, wadda ta haramta naman alade, ita ce kuma ta ɗauke laifi ga wanda larura ta matsa. Na kuma san cewa a 1995 malaman fiƙihu da likitoci sun zauna a Kuwait kan irin wannan, suka tafi a kan cewa abin da ya rikiɗa ya bar asalinsa ya zama wani abu daban, kamar jelatin da ake yin bawon kafso da shi, hukuncinsa ya sauya. Akwai malaman da suka saɓa musu. Roƙona shi ne mai shakka ya tambaye mu ko akwai madadi, sau da yawa akwai, ya kuma kai wa malaminsa cikakken bayani. Kada ya ajiye magani shiru ya koma gida.

Me ya sa kullum kuke tambaya "wane magani kake sha kuma?" kafin ku ba mutum nasa?

Saboda hanta, Yaya. Kusan duk abin da ka haɗiya sai ya bi ta cikinta, kuma tana da rundunar anzim, ana kiransu sitokurom P450, masu sarrafa magani don jiki ya iya fitar da shi. Adadin da aka rubuta maka an auna shi ne da saurin aikinsu. Duk abin da ya ƙara musu sauri ko ya rage, ya sauya maka adadin ba tare da ka sani ba.

Rifamfisin na tarin fuka yana zaburar da hanta sosai. Mai shan sa tare da dolutegrabir dole a mayar masa da dolutegrabir sau biyu a rana, in ba haka ba hanta ta share shi kafin ya yi aiki. Matar da ke shan ƙwayar tazarar haihuwa ko take da ashanar hannu, idan ta fara rifamfisin tana iya ɗaukar ciki. Wannan ya kamata a faɗa mata tun ranar farko.

Sai tiramol, wato tiramadol, wanda ya cinye mana samari masu babur da 'yan dako. Shi da kodin, wani anzim na hanta ne yake juya su zuwa abin da ya fi su ƙarfi, kodin ma mofin yake komawa. Mutane kuma sun bambanta ta gado: wani hantarsa tana juyawa a hankali, wani da gudu, kuma masu gudun sun fi yawa a Habasha da wasu ƙasashen Larabawa. Abin da abokinka ya sha ya hau babur, kai yana iya tsayar maka da numfashi ko ya jefa ka farfaɗiya. Shi ya sa ba a ba yaro ƙasa da shekara 12 kodin, ba a kuma ba mai shayarwa. Iyakar tiramadol a asibiti miligiram 400 ne a yini, amma a titi ana sayar da ƙwaya ɗaya mai 225.

Farasitamol ma da ake raina shi, hanta tana juya ɗan kaɗan daga cikinsa zuwa guba ta kuma kashe gubar da kanta. Idan babba ya wuce giram 4 a yini, wato ƙwaya takwas masu 500, gubar tana iya fin ƙarfinta. Magungunan mura da yawa suna ɗauke da shi a ciki, mutum ya haɗa biyu bai sani ba.

Ɗana ya sha magani, fitsarinsa ya koma kamar baƙin shayi, idonsa ya yi rawaya. Maganin ne ba shi da kyau?

Ki kai shi asibiti yau, Inna, kada ki jira gobe, ki tafi da kwalin. Yana iya yiwuwa yana da ƙarancin wani anzim mai suna G6PD, wanda yake kare jajayen ƙwayoyin jini. Gado ne ta wajen uwa, ya fi bayyana ga maza, kuma yana da yawa a ƙasashen da ke da zazzaɓin sauro irin namu. Mai shi lafiya lau yake har ranar da ya haɗu da wasu magunguna, kamar firimakin da dafson da nitirofurantoyin, sai jininsa ya fara fashewa. An taɓa janye wani maganin zazzaɓi mai suna Lapdap a 2008 saboda wannan. Ƙwallon kafur da ake sa wa cikin kayan jarirai, da lalle a jikin jariri, su ma suna tayar da shi. Gwajin jini ne yake tabbatarwa. Idan ya tabbata, a rubuta a katinsa na asibiti, ki kuma faɗa duk inda za a ba shi magani.

Zafinmu na watan Afrilu yana lalata magani?

Yana yi, musamman duk abin da yake furotin. Anzim da siffarsa yake aiki, zafi kuma yana warware siffar, kamar ƙwai da aka soya, ba ya komawa ɗanye. 'Yan tsinken gwajin sukari anzim ne a bakinsu, shi yake cin sukarin da ke ɗigon jinin na'ura ta ƙirga. Idan aka bar gwangwaninsu a buɗe ko a cikin mota a Kusseri da rana tsaka, lambar da za su nuna ba abin dogaro ba ce, mutum kuma da ita zai auna allurarsa.

Insulin da ba a buɗe ba wurinsa firji, tsakanin digiri 2 da 8, ban da wajen ƙanƙara, domin daskarewa ma kashe shi take yi. Wanda ba shi da firji ko wuta tana yawan ɗaukewa, kada ya yanke ƙauna. Wani bincike da ƙungiyar likitocin agaji ta MSF da Jami'ar Janiba suka wallafa a 2021, bisa zafin wani sansanin 'yan gudun hijira a arewacin Kenya, ya nuna kwalbar da ake amfani da ita tana riƙe ƙarfinta mako huɗu a zafin da ke kai-komo tsakanin 25 da 37. Namu yakan haura 40, don haka a sa ta a leda a ɗaure, a ajiye a jiƙaƙƙen yashi gindin randa.

Akwai dai anzim mai son zafi. An samo shi daga wata bakteriya da ke rayuwa a maɓuɓɓugar ruwan zafi ta Yellowstone a Amurka, kuma shi ne zuciyar gwajin PCR, wanda ake gano tarin fuka da auna yawan ƙwayar sida da shi, irin aikin da ake yi a reshen Cibiyar Pasteur da ke nan Garwa.

Siro ɗin alfa-amilaz da ƙwayoyin anzim na "rage kumburi" fa?

Ra'ayina a fili: hujjarsu ba ta da ƙarfi. Anzim furotin ne, ciki kuma aikinsa narkar da furotin, da wuya ya tsallake ya isa inda kumburin yake. Kamfanin Takeda na Japan da kansa ya janye nasa na serafeftaz a 2011 bayan gwaji ya kasa nuna amfaninsa. Idan kuɗi bai isa duk abin da ke takarda ba, a tambayi likita wanne ne ginshiƙi. Anzim masu ceton rai suna nan, amma ta allura ake ba da su a asibiti: asfarajinaz na sankarar jinin yara, da masu narkar da gudan jini idan ya toshe jijiyar zuciya.

Ƙanena ya yi feshin auduga ya dawo yana dalalar da yawu yana gumi. Mu ba shi madara?

Kada ku ba shi madara ko manja, kada ku sa shi amai. Ku cire masa kayan, ku wanke shi da sabulu, ku garzaya asibiti da gwangwanin maganin. Wasu magungunan feshi suna toshe anzim ɗin da ke kashe saƙon jijiya bayan ya isa, sai saƙon ya yi ta bugawa: yawu, gumi, ƙwayar ido ta tsuke, ƙirji ya cika da ruwa. Allurar atirofin ce take riƙe shi.

Daga Njamena: da gaske ne maganin cutar barci na sankara ne tun asali?

Da gaske ne. Eflonitin an ƙera shi ne don ya toshe anzim ɗin da ƙwayoyin sankara ke buƙata wajen yaɗuwa, bai yi abin kirki a can ba, sai aka ga yana tayar da masu cutar barci da suka riga suka suma. Sabon na haɗiya, feksinidazol, dabararsa ta juye: anzim ɗin ƙwayar cutar ne da kansa yake mayar da shi gubar da za ta kashe ta. Da magani da gwaji da tarkon ƙudan tsando a yankin Mandul, a 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa cutar ta daina zama barazana ga lafiyar jama'a a Chadi.

Ni ɗaliba ce. Za a iya yin irin wannan aikin a nan, ko sai dai mu yi ta saye?

Yau dai mafi yawan ainihin garin maganin da muke sha daga Indiya da Sin yake zuwa, ƙanwata, ko da a Duwala aka dunƙula ƙwayar. Masana'antar anzim tana son wutar da ba ta yankewa, da ruwa mai tsabta ƙwarai, da ma'aikatan da za su auna abu ɗaya sau ɗari ba su gaji ba. Na ukun ya fi na farko wuyar samu, kuma shi ne yake hannunki.

Ba daga sifiri za a fara ba. A Bokle, nan bakin Garwa, LANAVET tana kiwon ƙwayoyin halitta tana haɗa alluran rigakafin dabbobi, aikin kuwa ɗan uwan wannan ne. Makarantar ENSAI ta Jami'ar Ngaundere tana koyar da sarrafa abinci da kiwon ƙananan halittu a tanki. A gabashin Kwango manoma suna tsaga ɗanyar gwanda su tari ƙaronta su busar, ana fitar da shi waje a matsayin fafayin. Gwanda kuwa tana bayan gidajenmu, haka dawar da ake yin tsiro da ita.

Idan wannan hanyar kike so, ki riƙe ilmin sinadaran jiki da na ƙananan halittu da kyau, ki nemi koyon aiki a ɗakin gwaji ko da wankin kwalabe za a fara ba ki, ki kuma koyi karanta Ingilishi tare da Faransancinki, domin mafi yawan binciken fannin da shi ake wallafawa. Ɓangaren tabbatar da ingancin magani, irin aikin LANACOME a Yawunde, shi ne ƙofar da ta fi kusa.